Gano Cutar Bairos a Itacen Lemu: Abin da Zafin Sakkwato Ke Ɓoyewa

A ƙarshen bazarar da ta gabata na raka wani malamin gona zuwa wata garka a fadamar Kwalkwalawa, inda mai garkar ya kira shi saboda itatuwan lemunsa sun fara yin rawaya, biyu daga cikinsu kuma rassansu suna bushewa daga sama. Tun kafin mu sauka daga babur dattijon ya riga ya yanke hukunci, domin wani ya gaya masa cewa bairos ne, har ya sayi magani kala uku ya fesa. Malamin gonar bai fara da ganye ba. Durƙusawa ya yi ya tone ƙasar da aka tara a gindin itacen, sai ga ɓawon ya yi baƙi ya jiƙe, ƙaro mai launin ƙasa yana tsattsafowa daga jikinsa. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, ruwa ne ke kwana a jikin itacen nan. Kwarin da kuke zuba ruwa ya haɗe da gindinsa." Ruɓewar gindi ce, wadda wata ƙwayar cuta mai kama da fangas da ke zaune a cikin ƙasa mai laima take haddasawa, kuma ba ta da dangantaka da bairos ko kaɗan.

Wannan shi ne rabin wahalar da ke cikin lamarin: abubuwa da yawa da ake kira bairos a lambunanmu wani abu ne daban. Ɗaya rabin ya fi tsanani, wato itacen da yake ɗauke da bairos na gaske yana iya shekaru yana kore shar, yana ba da 'ya'ya, ana yankar idonsa ana aura wa ɗaruruwan dashe, ba tare da kowa ya ga wata alama ba.

Dalilin haka yana cikin yadda ake samar da lemu. Lemun zaƙi da tanjarin da ake dasawa domin kasuwa kusan duk masu aure ne: ana shuka irin wani lemu mai juriya ya zama gindi, sannan a yanko ido daga itacen da ake son 'ya'yansa a ɗaura masa. Saboda haka kowane dashe yanki ne na jikin uwarsa, kuma duk abin da ke yawo a cikin ruwan jikin uwar yana biyo idon. Cututtukan da ke bin wannan hanya kashi uku ne, ko da yake manomi yana haɗa su a suna ɗaya. Akwai bairos na ainihi, kamar tiristeza da sorosis. Akwai abin da ake kira bairoyid, wanda ya fi bairos ƙanƙanta ƙwarai, zaren gado ne tsirara ba shi da rigar furotin, kuma shi ke kawo ekzokotis da kakeksiya. Sannan akwai bakteriyar da ke zaune a cikin hanyoyin abincin itace, wadda ke kawo cutar da Sinawa suka sa wa suna hwanglongbin, wadda aka daɗe ana zaton ita ma bairos ce. Babu feshin da ke fitar da ɗaya daga cikinsu daga itacen da ya kamu, kuma wannan gaskiyar ita ce ke tsara duk yadda ya kamata a yi tunanin bincike.

Tiristeza ce babbarsu, kuma tarihinta yana koyar da abu mai muhimmanci game da gano cuta. A ƙarni na 19 ruɓewar gindi, irin wadda muka gani a Kwalkwalawa, ta yi wa gonakin lemu na ƙasashen Bahar Rum da wasu wurare mummunar ɓarna, sai manoma suka koma aura lemun zaƙi a kan gindin wani lemu mai ɗaci wanda ke jure wa ruɓewar. Dabarar ta yi aiki, har wannan gindi ya mamaye duniya. Daga farkon shekarun 1930 sai itatuwan da ke kan wannan gindi suka fara mutuwa a Ajantina, a 1937 abin ya bayyana a Burazil, daga 1957 kuma ya afka wa Sifaniya. Manoman Kudancin Amurka ne suka kira cutar tiristeza, wato baƙin ciki a harshensu, kuma an ƙiyasta cewa ta hallaka itatuwa kusan miliyan 100 a duniya. An yi shekaru ana ɗora laifin a kan ƙasa, ko ruwa, ko rashin jituwa tsakanin gindi da ido, sai a 1946 bincike a Burazil da Kalifoniya ya nuna cewa abin yana bin aure kuma darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan toho, tana ɗaukarsa daga itace zuwa itace. Lemun zaƙin da kansa yana iya ɗaukar bairos ɗin bai damu ba, lemu mai ɗacin ma haka idan yana tsaye shi kaɗai a matsayin babban itace; haɗuwarsu ce ke kawo mutuwa. Shi ya sa tambayar farko da mai bincike zai yi ita ce a kan wane gindi aka aura wannan itace, kuma abin takaici shi ne yawancin masu garka a nan ba su da amsarta, domin sun sayi dashen ne a leda a bakin titi, ba a rubuta komai a jikinsa ba.

Yadda cutar ke kashewa shi ke nuna inda za a duba. Ganye ne ke haɗa abinci, abincin kuma yana gangarowa zuwa saiwa ta wasu siraran hanyoyi da ke ƙarƙashin ɓawo. A itacen da ke kan gindin lemu mai ɗaci, bairos ɗin yana kashe waɗannan hanyoyi daidai ƙasan mahaɗar aure, sai saiwa ta rasa abinci, ƙananan jijiyoyinta su ruɓe, itacen ya kasa shan ruwa ko da yana tsaye a cikin laima. Wani lokaci a cikin 'yan makonni ganyen ke yanƙwanewa, 'ya'yan su bushe a rataye; wani lokaci kuma itacen ya yi shekaru yana ramewa, yana cika fure da ƙananan 'ya'ya kamar mai bankwana. Mai bincike yana yanke ɗan ɓawo mai faɗin akwatin ashana wanda ya ratsa mahaɗar, ya ɗaga shi ya duba cikinsa. Idan ya ga ƙananan huji kamar na allura jere a ɓangaren gindi, da 'yan tsinakai a jikin itacen da suka dace da hujin, zato ya yi ƙarfi. Akwai kuma gwajin aidin, wanda kowa zai iya yi: aidin yana mayar da sitaci baƙi-baƙi, saboda haka idan aka ɗiga shi a yankakken wuri sama da mahaɗa ya yi duhu, a ƙasanta ko a saiwa kuma bai canza ba, an san abinci ba ya wucewa. Sai dai gwajin toshewa kawai yake nunawa, ba ya faɗin wanda ya toshe. Igiyar roba da aka manta a jikin dashe har ta nutse, ko cin gara, ko ruɓewar gindi, duk suna ba da amsa iri ɗaya.

Akwai wata fuskar tiristeza da ta fi shafarmu, domin ba ta buƙatar aure. A ƙasar da ake kira Gwalkwas a lokacin, wato Gana ta yau, gonakin lemun tsami sun yi ta mutuwa a shekarun 1940, kuma a 1949 masu bincike biyu, Hughes da Lister, suka nuna cewa bairos ne. Daga baya aka gane cewa shi ne dai bairos ɗin tiristeza. Ƙaramin lemun tsami, irin wanda muke matsawa a kunu da shayi, yana daga cikin itatuwan da suka fi saurin nuna wannan cuta, har ya zama shi ne itacen gwaji da ɗakunan bincike na duniya ke amfani da shi. Ke nan lemun tsamin da ke tsakar gida ko gefen garka mai gadi ne da ba a biya, muddin an san yadda ake karanta shi. Ana tsinko sabon ganye wanda bai gama ƙwari ba, a ɗaga shi sama ta yadda hasken rana zai ratsa shi, a duba ƙananan jijiyoyinsa. A ganye mai lafiya jijiyoyin suna tafiya bai ɗaya, a mai cutar kuwa ana ganin gajerun layuka masu haske, tsinke-tsinke, kamar an ɗiga mai a takarda. Idan aka ɓare ɓawon reshe mai kaurin fensir, itacen da ya kamata ya zama sumul sai a same shi da ƙananan ramuka dogaye, ɓawon kuma yana da tsini da ya shiga cikinsu. Wannan bairos ba ya bin iri, saboda haka lemun tsamin da aka shuka daga ƙwallo yana tasowa da tsabta. Idan daga baya ya nuna waɗannan alamu, darɓa ce ta kawo masa daga wani itace da ke kusa, kuma wannan labari ne game da unguwar gaba ɗaya.

Kafin a kai ga zargin bairos, wajibi ne a kawar da abubuwan da ke kwaikwayonsa, waɗanda a ƙasa mai yashi da ruwan rijiya irin tamu su ne suka fi yawa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yana sa sabon ganye ya yi fari-fari, jijiyoyinsa su rage kore kamar raga. Ƙarancin zink yana ƙanƙantar da ganye ya sirantar da shi, da rawaya tsakanin jijiyoyi. Ƙarancin maganiziyam a tsohon ganye yake bayyana, ya bar kore mai siffar kan mashi a wajen gindin ganyen. Gishirin ruwa yana ƙona bakin ganye, tsutsar da ke haƙa hanya a cikin ganye tana naɗe shi ta bar zane mai ƙyalli kamar sawun katantanwa, maganin ciyawa da iska ta kwaso daga gonar maƙwabci kuma yana murɗe sabon toho har mutum ya rantse bairos ne. Ƙa'idar da ta fi taimakawa ita ce a ninke ganyen a kan jijiyarsa ta tsakiya. Yunwar sinadari tana zana ɓangarorin biyu iri ɗaya, dama kamar hagu. Idan kuwa rawayar ta zo dabbare-dabbare, ɓangaren dama bai dace da na hagu ba, 'ya'yan kuma suna fitowa a karkace da matattun ƙwallaye da ɗaci, to hwanglongbin ake tsoro. Wannan cuta ce da ta durƙusar da noman lemu a Fulorida tun bayan ganinta a 2005, kuma a 2020 an wallafa rahoton ganin ƙwaron Asiya da ke yaɗa ta a jihar Oyo. Yadda rawayar ta bazu a garkar ma shaida ce: matsalar ƙasa ko ruwa tana bin kwari da tudu, cutar da ta zo da dashe tana bin itatuwan da aka sayo tare daga hannu ɗaya, wadda ƙwaro ke ɗauka kuma tana farawa nan da can sannan ta yaɗu zuwa maƙwabta.

Inda Sakkwato ta bambanta da wuraren da aka rubuta yawancin littattafan wannan fanni shi ne zafi, kuma a ganina nan ne masu bincike suka fi yin kuskure. Bairos ɗin tiristeza da na sorosis sun fi yawaita a jikin itace, alamunsu kuma sun fi fitowa, idan yanayi yana tsakanin digiri 18 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a nan yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan yanayi yawan bairos ɗin yana raguwa a rassa, sabon ganye ya fito ba tabo, har gwajin ɗakin bincike yana iya kasa ganinsa. Ba warkewa itacen ya yi ba, cutar ta lafa ne kawai. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne a bazara ne manomi ya fi kiran malamin gona, domin a lokacin ne ƙishirwa ke fallasa duk itacen da saiwarsa ta raunana. Wato lokacin da aka fi neman amsa shi ne lokacin da amsar ta fi wuyar samu. Wanda ke son ganin layukan haske a ganyen lemun tsami, ko ɗigo-ɗigon da sorosis ke yi a sabon ganye, ko ɗaukar samfurin da za a dogara da shi, hunturu ya kamata ya jira, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, ya nemi tohon da ya fito cikin sanyi.

Bairoyid kuwa akasin haka yake, zafi ne abincinsa. Ekzokotis, wadda aka bayyana a 1948 kuma aka gano a 1972 cewa bairoyid ne ke kawo ta, tana tsattsage ɓawon gindi ta sa itace ya tsumbure, musamman idan gindin lemu mai ganye uku ne, ko 'ya'yansa da ake kira sitaranj, ko lemun Rangfur. Kakeksiya tanjarin ta fi kamawa, tana barin ƙaro mai launin ƙasa a cikin ɓawo da ramuka a jikin itace. A kan gindin da ke jure musu, irin su raf-lemon da Kiliyofatara da aka fi amfani da su a Nijeriya, lemun zaƙi yana ɗauke da ekzokotis ba alama, sai ranar da aka aura idonsa a kan gindin da ba ya jurewa. Wurin duba ɓawo ma yana raba gardama: ekzokotis a ƙasan mahaɗa take tsayawa, ruɓewar gindi daga ƙasa take hawowa tana kashe ɓawo har zuwa itace, sorosis kuwa a saman mahaɗa take ɓamɓare ɓawon jiki da manyan rassa, kuma sau da yawa sai itace ya haura shekara 10 kafin ta fito, bayan an daɗe ana yankar idonsa.

Tabbaci yana zuwa ne ta hanyoyi biyu. Tsohuwar hanya ita ce a tambayi wani itace: a ɗauko ido ko ɗan ɓawo daga wanda ake zargi a ɗaura wa dashe mai tsabta wanda aka san yana saurin nuna cutar, a ajiye shi inda ƙwari ba sa shiga. Lemun tsami yana amsa tambayar tiristeza a cikin 'yan makonni, wani lemu da ake kira Etrog yana lanƙwashe ganyensa ƙasa idan akwai ekzokotis bayan 'yan watanni, gwajin kakeksiya kuma yana iya cin shekara. Hanyar tana da jinkiri, kuma a nan sai an sanyaya ɗaki kafin a yi gwajin tiristeza, amma har yau ita ce ke nuna zafin nau'in cutar a aikace. Sabuwar hanya ta ɗakin gwaje-gwaje ce. Gwajin ELISA, wanda aka fara amfani da shi a kan tiristeza a 1979, yana gane rigar furotin ta bairos, yana da araha, kuma ana iya gwada ɗaruruwan itatuwa a rana biyu. Akwai nau'insa da ya dace da nisanmu ƙwarai: a yanke ɗanyen reshe ko sandar ganye a danna bakin yankan a kan wata takarda ta musamman, a bar ta ta bushe, a aika da ita, ba a buƙatar ƙanƙara. Amma ELISA ba ya ganin bairoyid, tun da ba shi da rigar da za a gane, saboda haka takardar da ta ce itace ya tsallake ELISA ba ta ce komai ba game da ekzokotis, wadda ita ce zafinmu ya fi yi wa daɗi. Wannan sai gwajin PCR, wanda ke neman zaren gadon ƙwayar cutar kai tsaye, yake kuma gano bairos da bairoyid da bakteriyar hwanglongbin ko da kaɗan ne, sai dai yana da tsada kuma yana buƙatar samfurin ya isa da ɗanyensa.

Kyawun na'ura ba ya gyara samfurin da aka ɗauka ba daidai ba. Waɗannan ƙwayoyin cuta ba sa bazuwa daidai a jikin itace, wani reshe yana da su wani babu, don haka ana yanko sababbin rassa daga gabas da yamma da kudu da arewa na itacen, a bar busasshe da wanda ya riga ya mutu, a sa a leda ba tare da ruwa ba, a rubuta lambar itacen, a ajiye a cikin kular sanyi. Samfurin da ya kwana biyu a bayan mota a kan hanyar Sakkwato zuwa Ibadan cikin Afrilu ba shaida ba ne. Sakamakon da ya ce akwai tiristeza shi ma yana buƙatar fassara, domin bairos ɗin nau'i-nau'i ne, wani mai kisa, wani mai sauƙin da ba ya rage amfanin gona. Burazil da Afirka ta Kudu ma da gangan suke sa wa dashensu nau'i mai sauƙi domin ya tare wa mai tsanani hanya. Sare lemun zaƙi mai ba da 'ya'ya a kan gindi mai juriya saboda kawai takarda ta ce akwai bairos gaggawa ce. Ci gaba da yankar ido daga jikinsa kuwa ganganci ne.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wane itace ya cancanci kuɗin gwaji. Manomi yana son a gwada wanda ke mutuwa, alhali ko an tabbatar masa da cutar babu abin da zai yi illa ya tuge shi ya ƙone. Itacen da gwajinsa ke da riba shi ne uwar da masu renon dashe ke yankar ido daga gare ta, mai kyan gani, wadda ba wanda ke zarginta, domin gwaji ɗaya a kanta yana kare duk garkar da 'ya'yanta za su shiga. Ƙasashen da suka shawo kan matsalar ta nan suka bi. A 1975 Navarro da Roistacher da Murashige suka inganta dabarar yanko ƙurewar kan toho, abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, inda sau da yawa cutar ba ta kai ba, a aura shi a kan ɗan tsiro a cikin kwalbar gwaji. Da ita Sifaniya ta sake gina gonakinta daga iyaye masu tsabta. A Nijeriya alhakin binciken lemu yana kan Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975 kuma take da reshe a Bagauda ta jihar Kano, sannan ga Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda fadamar Kwalkwalawa ke bakin hanyarta. Itatuwan uwa ashirin ko talatin da aka gwada cikin hunturu, aka killace su da raga, aka rubuta gindin kowanne, za su wadatar da masu reno da yawa da ido, kuma aiki ne da bai fi ƙarfin waɗannan cibiyoyi da hukumar aikin gona ta jiha ba.

Kafin mu bar garkar, malamin gonar ya sa dattijon ya janye ƙasa daga gindin itatuwan, ya yi musu kewaye biyu ta yadda ruwa ba zai taɓa jikinsu ba, ya kuma ɗaura tsumma a itatuwa biyu da bai gamsu da su ba domin ya dawo ya duba tohonsu a Janairu. Da ya ga almakashin da ake datse rassa da shi, ya tambaya ko ana wanke shi tsakanin itace da itace, sai dattijon ya ce yakan lasa masa wuta. Bairoyid yana bin bakin wuƙa, kuma lasar wuta ta ɗan lokaci ba ta kashe shi, barasar asibiti ma haka. Abin da ke kashe shi shi ne ruwan bilic na wanki, irin su Hypo ko Jik, a surka shi da ruwa, a tsoma ƙarfen kafin a taɓa itace na gaba, idan an tashi aiki kuma a ɗauraye shi a shafa masa mai saboda tsatsa.